Kwana da jari a kasuwar ƙetare: yadda ake auna haɗarin dare kafin a rufe ido

Mako guda yana da awa 168, amma kasuwar hannayen jari ta New York ba ta yin cikakken ciniki sai na awa talatin da biyu da rabi a cikinsu, wato daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma agogon birnin, Litinin zuwa Juma'a. Wanda ya sayi asusun zuba jari a can, wato tarin hannayen jarin kamfanoni da ake saye a dunƙule, ya bar shi ya kwana a hannunsa, fiye da kashi huɗu cikin biyar na lokacin da yake riƙe da shi ƙofa a rufe take, ba shi da ikon sayarwa a farashin da ya saba gani. Duniya kuwa ba ta jiran kowa. Babban bankin wata ƙasa zai iya sauya kuɗin ruwa, za a iya ƙidayar ƙuri'u, yaƙi zai iya ɓarkewa, duk a cikin awannin da shi yake barci. Lamarin ya fi tsanani ga wanda asusunsa ya ƙunshi hannayen jarin wata nahiya dabam, domin kasuwar da ake sayar da asusun da kasuwar da kayan cikinsa suke ba sa farkawa tare.

Wannan jagora ta fi karkata ga asusun da ake saye da sayarwa a kasuwa kamar hannun jari, wanda aka fi sani da ETF, domin shi ne ƙananan masu ciniki suka fi amfani da shi wajen shiga kasuwannin Asiya da Turai da Amurka. Ra'ayina tun daga farko shi ne, babu wani umarni da za ka bar wa dillali wanda zai tsare ka da dare kamar yadda yawan abin da ka riƙe zai tsare ka, kuma duk matakan da ke tafe suna komawa ne ga wannan lissafi.

Mataki na farko: ka san agogo uku

Duk asusun ƙetare yana tafiya ne da agogo uku: na kasuwar da aka yi masa rajista, na kasuwar da kayansa suke, da na inda kai kake zaune. Ka ɗauki takarda ka ja layi uku, ka mayar da komai zuwa agogon GMT domin kada lissafi ya rikice. Tokyo tana buɗewa ƙarfe 9:00 na safe agogonta, tana hutun rana daga 11:30 zuwa 12:30, tana rufewa 3:30 na yamma tun bayan ƙarin rabin awa da aka yi a watan Nuwamban 2024. A agogon GMT wannan yana nufin daga sha biyun dare zuwa 6:30 na safe. Hong Kong tana ciniki daga 1:30 na dare zuwa 8:00 na safe a GMT, Shanghai kuma tana rufewa awa guda kafin haka. Landan tana buɗewa 8:00 na safe ta rufe 4:30 na yamma agogonta, kasuwar Frankfurt ma lokaci ɗaya suke tashi da ita. New York kuwa a lokacin hunturu tana farawa 2:30 na rana ta ƙare 9:00 na dare a GMT.

Da zarar ka jera waɗannan a takarda, abu biyu za su fito fili. Na ɗaya, Landan da New York suna haɗuwa a buɗe na awa biyu kacal. Na biyu, Tokyo da New York ba sa haɗuwa ko da na minti ɗaya. Wanda ya sayi asusun hannayen jarin Japan a New York yana ciniki ne a kan kayan da kasuwarsu ta rufe tun awa takwas da suka wuce, kuma idan shi ya tashi daga ciniki, sai bayan awa uku kasuwar kayan nasa za ta buɗe, a lokacin da hannunsa yake ɗaure.

Akwai wani tarko ƙarami a nan da ke kama har waɗanda suka daɗe a harkar. Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta dawo da shi a Lahadin farko ta Nuwamba, Turai kuma tana yin nata a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Japan da Sin ba sa taɓa nasu. Saboda haka akwai makonni biyu ko uku a Maris, da mako guda a ƙarshen Oktoba, da tazarar Landan da New York take komawa awa huɗu maimakon biyar. Ni kaina na taɓa zama gaban kwamfuta a wata Litinin ta Maris ina jiran a buɗe kasuwa domin in rage abin da na kwana da shi, sai na duba na tarar an yi awa guda ana ciniki, farashin da nake hari ya zo ya wuce. Tun daga ranar nake rubuta ranakun sauya agogo a saman takardar da jan alƙalami.

Mataki na biyu: ka fahimci farashin da kake gani

Kowane asusu yana da ƙimar kayan da ke cikinsa, wadda ake lissafawa daga farashin rufewar hannayen jarin, sannan yana da farashin da masu saye da sayarwa suka daidaita a kai a kasuwa. Idan kasuwannin biyu suna buɗe a lokaci guda, manyan dillalan da aka ba izinin ƙirƙirar sabbin hannayen asusun da soke su ba sa barin tazara ta yi faɗi: in asusun ya yi tsada fiye da kayansa sai su sayi kayan su sayar da asusun, in ya yi arha su yi akasin haka. Amma idan kasuwar kayan tana rufe, ba su da inda za su sayi kayan nan take, don haka farashin asusun yakan zama hasashe ne na yadda waccan kasuwa za ta buɗe gobe. Suna gina hasashen a kan yarjejeniyoyin cinikin gaba, wato alƙawarin saye ko sayarwa a wata rana mai zuwa a farashin da aka yanke yau, da canjin kuɗi, da yanayin kasuwar da ke buɗe a lokacin.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, idan ka ga an rubuta cewa asusun Japan yana sayuwa ƙasa da ƙimar kayansa da kashi biyu cikin ɗari, kada ka yi tsammanin ka tsinci dami a kala. Sau da yawa ƙimar ce ta tsufa, farashin kuma ya riga ya haɗiye labarin da Tokyo ba ta samu damar mayar da martani a kansa ba. Haka nan adadin da wasu manhajoji ke nunawa a matsayin ƙimar wucin gadi, wanda ake sabuntawa duk daƙiƙa 15, ba shi da amfani sosai a irin wannan asusu, tunda farashin kayan bai motsa ba, canjin kuɗi kaɗai ke motsa shi.

Tsohon nau'in asusu wanda ba a cinikinsa a kasuwa, wanda ake ba kowa farashi ɗaya a ƙarshen yini, yana da nasa salon matsalar. A shekarar 2003 babban lauyan jihar New York na lokacin, Eliot Spitzer, ya tono yadda wasu ke amfani da tsufan farashin kasuwannin ƙetare suna shiga asusu suna fita cikin kwana ɗaya, suna kwasar riba daga aljihun masu riƙon dogon lokaci. Bayan wannan badaƙala ne kamfanonin asusu suka ƙara ƙaimi wajen gyara ƙimar rufewa da hasashen abin da ya faru bayan rufewar kasuwar waje, wasu kuma suka sa tara ga mai saurin fita. Idan irin wannan asusu kake riƙe da shi, ka duba ƙarfe nawa ake rufe karɓar umarni, domin wanda ya makara da minti ɗaya farashin gobe zai samu.

Mataki na uku: ka daina dogaro da umarnin tsayar da asara

Wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Umarnin tsayar da asara yana cewa dillali: idan farashi ya sauko zuwa kaza, ka sayar. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin katanga, suna sa shi su kwanta da natsuwa. Amma umarnin bai yi alƙawarin farashi ba. Abin da ya yi alƙawari shi ne da zarar an taɓa ko an wuce wannan farashi, zai rikiɗe ya zama umarnin sayarwa a duk farashin da aka samu. Da rana, lokacin da farashi ke sauka mataki-mataki, bambancin ba shi da yawa. Da dare kuwa farashi ba ya taka matakala, tsalle yake yi.

Ga misali da adadi. Ka sayi hannu 200 na wani asusun Asiya a kan dala 50 kowanne, jimilla dala 10,000, ka sa umarnin tsayar da asara a dala 48, a ranka ka ce mafi munin abin da zai same ni shi ne dala 400. Da dare wani labari ya girgiza kasuwannin Asiya. Washegari ka ɗauki waya kafin buɗe kasuwa, ka ga lambar farashin ta koma ja, an rubuta 44 a inda jiya ka bar 50. Babu wanda ya yi ciniki a 49 ko 48 ko 46, domin kasuwa tana rufe lokacin da darajar ta bi ta kansu. Ana buɗewa umarninka ya tashi, aka sayar a 44 ko ƙasa da haka kaɗan. Asararka ta zama dala 1,200, ninki uku na abin da ka shirya ɗauka.

Wani zai ce ai sai a yi amfani da umarnin da ke haɗe da iyakar farashi, wanda ke cewa a sayar idan an kai 48 amma kada a sayar ƙasa da 47.50. Wannan yana hana a sayar maka da arha, amma idan an buɗe a 44 ba za a sayar ba sam, kana nan riƙe da kayan yana ci gaba da sauka. Ga kuma wani abu da ba kowa ke karantawa a sharuɗɗan dillali ba: ko da yake ana yin ɗan ciniki a Amurka kafin buɗewa, tun daga ƙarfe 4:00 na asuba agogon New York, da bayan rufewa har zuwa 8:00 na dare, dillalai da yawa ba sa tayar da umarnin tsayar da asara a waɗannan awanni.

Ranar 24 ga Agustan 2015 ta nuna ɗaya fuskar matsalar. Kasuwar Shanghai ta faɗi da kusan kashi 8.5 cikin ɗari a lokacin da Amurka take barci, da aka buɗe New York ma'aunin Dow Jones, mai bin farashin manyan kamfanonin Amurka, ya zube da fiye da maki 1,000 cikin 'yan mintuna, aka yi ta dakatar da ciniki a kan hannayen jari da asusu ɗaiɗai fiye da sau dubu a yinin. A cikin rikicewar, wasu asusu sun sayu ƙasa da darajar kayansu da fiye da kashi 20 cikin ɗari na ɗan lokaci, sannan suka farfaɗo kafin azahar. Waɗanda suka bar umarnin tsayar da asara an sayar musu a can ƙasan ramin, suna kallo farashi ya dawo ba tare da su ba. Ba ina cewa a watsar da wannan umarni gaba ɗaya ba, yana da amfaninsa a tsakar yini. Abin da nake cewa shi ne kada a shigar da shi cikin lissafin haɗarin dare.

Mataki na huɗu: ka yanke girman abin da za ka kwana da shi

Tunda ba ka da iko a kan girman tsallen, sai ka yi iko da abin da tsallen zai taɓa. Lissafin yana buƙatar adadi biyu. Na farko shi ne abin da za ka iya rasawa a dare ɗaya ba tare da ya rusa maka tsari ko ya tura ka ramuwar gayya a kasuwa ba. Masu ciniki da yawa suna tsayawa tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na dukan jarinsu. Na biyu shi ne mafi munin tsallen da ya kamata ka yi tsammani daga wannan asusu, kuma wannan ba a ƙiyasta shi da ka. Ka sauke tarihin farashin asusun na shekaru goma ko fiye, ka sa farashin rufewar kowace rana a layi ɗaya, na buɗewar washegari a layi na biyu, ka fitar da bambancin cikin ɗari, ka jera daga mafi muni. Ka dubi biyar na sama, ka ɗauki mafi girma, ka ƙara masa wani abu, domin tarihi ba ya ɗauke da abin da bai faru ba tukuna.

A ce jarinka dala 20,000 ne, ka amince da rasa kashi 2, wato dala 400, binciken kuma ya nuna maka tsallen kashi 12 abu ne mai yiwuwa. Ka raba 400 da 0.12, za ka samu kusan dala 3,300. Wannan ne iyakar abin da ya dace ya kwana a wannan asusu, wato hannu 66 a farashin dala 50, maimakon 200 na misalin baya. Adadin yakan ba mutum haushi idan ya gan shi da farko, domin ya yi ƙanƙanta a ido, ribar da zai kawo ma ba za ta burge ba. Wanda yake son riƙe fiye da haka da rana yana iya yi, muddin zai rage kafin a rufe.

Kashi 12 ba adadi ne na tsoratarwa ba. Ranar 5 ga Agustan 2024 ma'aunin Nikkei 225 na Tokyo ya faɗi da kashi 12.4 cikin ɗari a yini guda, kwanaki kaɗan bayan babban bankin Japan ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 0.25 a ranar 31 ga Yuli, aka kuma samu rahoton ayyukan yi mai rauni daga Amurka ranar Juma'a. Wannan faɗuwa ta auku ne ranar Litinin a Tokyo, wato daren Lahadi a New York. Japan kuwa kasuwa ce babba mai zurfi, ba ƙaramar kasuwar da mutum zai ce dama an san ta da hawa da sauka ba.

Ka kuma haɗa asusun da ke tafiya tare ka ƙidaya su a matsayin abu ɗaya. Wanda ke riƙe da asusun Japan da na Koriya ta Kudu da na Taiwan yana ganin kamar ya rarraba jarinsa gida uku, amma a daren tashin hankali dukansu hanya ɗaya suke bi, kamar yadda suka yi a wannan rana ta Agusta. Iyakar dala 3,300 ta shafi jimillarsu ne.

Mataki na biyar: bashin dillali da asusu masu ninki

Idan ka ranci kuɗi daga dillali ka ninka abin da ka saya, ka ninka tsallen ma. Mai dala 10,000 da ya ranci wasu 10,000 ya sayi kayan dala 20,000, faɗuwar kashi 12 za ta ci masa dala 2,400, kusan rubu'in abin da ya mallaka. A Amurka ƙa'ida ita ce mai ciniki ya ajiye rabin kuɗin saye daga aljihunsa, kuma kada rabonsa ya sauka ƙasa da kashi 25 na darajar kayan, amma dillalai suna da damar ɗaga wannan iyaka a duk lokacin da suka ga dama, su kuma sayar da kayanka ba tare da sun jira ka farka ka ƙaro kuɗi ba. Wanda agogonsa ya saɓa da na dillalinsa shi ya fi faɗawa wannan rami.

Asusu masu ninki biyu ko uku an gina su ne domin su ninka motsin yini ɗaya, kuma kowace rana daga sabon tushe suke farawa. Mu koma ga Nikkei: bayan faɗuwar kashi 12.4, washegari ya tashi da kashi 10.2. Mai riƙe da asusu na gama-gari, in aka ajiye batun canjin kuɗi a gefe, ɗarinsa ta koma 87.6 sannan ta hau 96.5. Mai ninki biyu kuwa ɗarinsa ta koma 75.2 sannan ta tsaya a kusan 90.5. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. A ganina irin wannan asusu bai dace ya kwana a hannun kowa ba sai wanda ya rage girmansa daidai da ninkinsa, in kuwa zai rage to me ya kai shi ga ninkin tun farko.

Mataki na shida: kuɗin ƙasar ma yana kwana tare da kai

Asusun da ake sayarwa da dala amma kayansa na yen ne yana ɗauke da caca biyu. Idan hannayen jarin Tokyo suka tashi da kashi 2, yen kuma ta faɗi da kashi 2 a kan dala, mai asusun bai samu komai ba. Kasuwar canji ba ta rufewa daga daren Lahadi zuwa daren Juma'a, amma tana da lokacin da take yin sirara, wato tsakanin tashin New York da shigowar Tokyo, kuma a wannan taga ne fam na Ingila ya zube da kusan kashi 6 cikin 'yan mintuna ranar 7 ga Oktoban 2016, haka ma yen ta yi wani mugun tsalle ranar 3 ga Janairun 2019 lokacin da Japan take hutun sabuwar shekara. Kuɗin da gwamnati ta ɗaure darajarsa ma ba abin sakankancewa ba ne. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa wa kuɗin ƙasar, wato faran 1.20 a kan yuro ɗaya, ba tare da gargaɗi ba, faran ya yi tashin gwauron zabi nan take, har wasu kamfanonin dillancin canji suka durƙushe.

Akwai asusu masu kariyar canji, waɗanda ke cire wannan ɓangare su bar ka da motsin hannayen jari kawai. Kariyar tana da tsada ko rangwame gwargwadon bambancin kuɗin ruwa tsakanin ƙasashen biyu. Ka duba takardar bayanin asusunka ka san wanne kake riƙe da shi, domin sunayensu sukan yi kama.

Mataki na bakwai: kalanda

Wasu darare an san da zuwansu. Babban bankin Amurka yana zama sau takwas a shekara, yana sanar da matsayarsa ƙarfe 2:00 na rana agogon New York, lokacin da Turai da Asiya suka riga suka rufe. Rahoton ayyukan yi na Amurka yakan fito ƙarfe 8:30 na safe, galibi a Juma'ar farko ta wata, sai Asiya ta jira har Litinin kafin ta mayar da martani. Babban bankin Japan ba ya tsayar da minti, sanarwarsa takan fito ne wajen tsakar rana a Tokyo. Zaɓe da ƙuri'ar raba gardama su ma suna da rana: a daren 23 ga Yunin 2016 fam yana kusan dala 1.50 lokacin da aka rufe rumfunan zaɓen ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kafin gari ya waye ya sauko kusa da 1.33. Kafin irin waɗannan darare ka rage abin da kake riƙe da shi zuwa rabi ko ka fita gaba ɗaya.

Ƙarshen mako dare ne mai tsawon awa sittin da biyar da rabi a New York, kuma hutun ƙasa ya fi shi. Kasuwannin Sin suna rufewa kusan mako guda a sabuwar shekararsu da kuma farkon Oktoba, Japan tana da jerin hutu a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, kasuwar Saudiyya kuma Lahadi zuwa Alhamis take aiki. A 2020 Shanghai ta tafi hutun sabuwar shekara cutar korona tana yaɗuwa, da ta dawo ranar 3 ga Fabrairu ta faɗi da kusan kashi 8 a yini ɗaya.

Mafi muni shi ne rufewar da ba a shirya ba. Kasuwar Atina ta ƙasar Girka ta rufe makonni biyar daga 29 ga Yunin 2015, da aka buɗe ranar 3 ga Agusta ta ƙare yinin da faɗuwar fiye da kashi 16. Ta Alƙahira ta rufe daga ƙarshen Janairu zuwa 23 ga Maris a 2011. A waɗannan lokuta asusun ƙasashen biyu sun ci gaba da sayuwa a New York, akwai ƙofar fita ko da farashin hasashe ne zalla. Na Rasha bai samu wannan sauƙi ba: Mosko ta dakatar da cinikin hannayen jari ranar 28 ga Fabrairun 2022, kasuwannin Amurka kuma suka dakatar da cinikin asusun Rasha ranar 4 ga Maris, masu riƙe da su suka maƙale, daga baya aka rushe asusun. A kan asusun ƙasa ɗaya da ke fuskantar yaƙi ko takunkumi ko hana fitar da kuɗi, tsallen da za ka sa a lissafin mataki na huɗu shi ne kashi ɗari.

Mataki na takwas: kayan kariya, ga wanda ya iya su

Yarjejeniyoyin cinikin gaba a kasuwar Chicago suna tafiya kusan dare da rana, daga yammacin Lahadi zuwa yammacin Juma'a da hutun awa ɗaya kowace rana, don haka mai asusu zai iya sayar da su da dare ya rage zafin faɗuwa. Sai dai suna da girma, suna buƙatar jingina, kuma ba sa bin asusunka sau da ƙafa. Takardar haƙƙin sayarwa a wani tsayayyen farashi kariya ce da tsalle ba ya ƙetarewa, domin idan ka sayi haƙƙin sayarwa a 48, ko an buɗe a 44 haƙƙinka yana nan. Amma kuɗinta yana hawa daidai lokacin da kowa ke neman ta, wato gab da zaɓe ko zaman babban banki. Ga mai ƙaramin jari, sayar da wani ɓangare na kayan ya fi waɗannan duka arha da sauƙi.

Mataki na tara: abin yi kafin rufewa da bayan buɗewa

Rabin awa kafin a rufe, ka buɗe takardarka ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce: nawa ne jimillar abin da zai kwana, me ke kan kalanda kafin buɗewar gaba, wace kasuwa ce ke hutu, kuma idan aka buɗe da mafi munin tsalle nawa zan rasa da dala. Idan amsar ƙarshe ta wuce iyakarka, ka rage a lokacin, kada ka bari sai mintunan ƙarshe. Asusun Turai da ake sayarwa a New York an fi samun farashinsa daidai a awa biyun farko, lokacin da Landan da Frankfurt ba su tashi ba. Na Asiya ba shi da irin wannan taga, sai dai ka zaɓi asusu mai yawan ciniki wanda ratar farashin saye da na sayarwa a kansa ba ta da faɗi.

Da safe kuma, idan ka tarar an yi tsalle, ka soke duk wani umarnin da zai sayar a kowane farashi, ka bar mintuna goma sha biyar zuwa talatin na farko su wuce, domin a lokacin ne ratar farashi ta fi faɗi, manyan dillalai ma suna laluben inda kasuwa za ta tsaya. Ka kwatanta faɗuwar asusun da yadda kasuwar kayansa ta rufe da yadda yarjejeniyoyin gaba ke tafiya: idan Tokyo ta faɗi kashi 4 amma ana tayin asusunka da faɗuwar kashi 9, akwai alamar rikicewa ce ta ɗan lokaci. Idan kuma adadin sun yi daidai kuma asarar ta kai iyakar da ka rubuta jiya, ka sayar da umarni mai iyakar farashi, ka sa shi kusa da tayin masu saye. Sannan ka rubuta a littafinka kwanan wata, farashin rufewa, farashin buɗewa, girman tsallen da abin da ya jawo shi, ka shigar da shi cikin jerin da za ka yi amfani da shi wajen lissafin daren gobe.